Ƙananan tankokin yaƙi da muke wa fenti a Damagaram ba wasan yara ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili in amsa wasiƙar da wani ɗan'uwa ya aiko muku kwanakin baya, wadda ya jera abubuwan da yake ganin suna cinye lokacin mutanenmu a banza. Ya ambaci kallon ƙwallo har tsakar dare, ya ambaci zaman fada da shan shayi daga hantsi zuwa la'asar, sa'an nan ya ce wai har ya ji labarin wasu magidanta a Damagaram, masu furfura, da ke zama suna shafa wa motocin yaƙi na roba fenti suna tura su bisa tebur. Ina cikin waɗannan magidanta. Na koyar da tarihi da labarin ƙasa a makarantun sakandare har na yi ritaya, kuma ina son ɗan'uwan nan da sauran masu karatu su san abin da muke yi kafin su yanke mana hukunci.

Tankar da nake magana a kanta tana zama a tafin hannu. Yawancin nawa na ma'aunin 1/72 ne, wato an rage kowane tsawo na tankar gaske sau 72. Sherman ta Amurka, wadda tsawonta ya kusa mita 6, takan dawo kimanin santimita 8. Akwai masu son ma'aunin 1/100, wanda ake amfani da shi a wasan Flames of War, akwai na 1/56 na wasan Bolt Action, akwai kuma manya na 1/35 da aka fi yi don ajiya da kallo. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila, da Heller na Faransa, da Italeri na Italiya, da Zvezda na Rasha, da Tamiya na Japan su ke ƙera su. Ba a haɗe suke zuwa ba. Kwali ne za ka buɗe ka tarar da guntayen roba a manne jikin sanduna, ƙafafu daban, sarƙa daban, bakin igwa daban, da takardar da ke nuna inda kowane zai zauna. A Kasuwar Dole ba a sayar da su. Nawa sun zo ne ta hannun tsofaffin ɗalibaina da ke karatu a waje, wasu kuma wani aboki ya tsinto mini cikin kayan gwanjo a Kano.

Aikin yana farawa da wanki. Ana wanke robar da ruwan sabulu don a cire maiƙon da ta taho da shi daga masana'anta, in ba haka ba fenti ba ya kamawa. Sai a yanke guntayen da reza, a kankare ɗan layin da ke bin gefensu, a haɗa da gam ana ɗiga shi da bakin tsinke. Bayan nan sai shafin farko, mai toka-toka ko baƙi, wanda sauran launuka za su zauna a kansa. Launin jiki ba a lafta shi da kauri. Ana tsinka shi da ruwa a shafa sau biyu ko uku, domin shafi ɗaya mai kauri yana binne kusoshi da layukan ƙofofi waɗanda su ne ke sa abin ya yi kama da ƙarfe. Akwai kuma wata dabara da sai an daɗe ake gane ta: ƙaramin abu yana bayyana da duhu fiye da babba ko da launinsu ɗaya ne, saboda haka mukan ɗan ƙara fari ko rawaya cikin launin asali.

Daga nan ne aikin da na fi so yake farawa. Ana dama ruwan ƙasa mai duhu ya tsinke sosai, a taɓa shi a lungu, sai ka ga ya bi tsagi da kansa ya zagaye kowace ƙusa, inuwa ta fito. In ya bushe, sai a ɗauki tsohon burushi, a ɗan tsoma cikin launi mai haske, a goge a tsumma har ya zama kamar babu kome a jikinsa, a riƙa shafar gefuna a hankali. Duk inda ya yi tudu sai ya ɗauki haske. Kwarzanen fenti ana yin sa da ɗan guntun soso, ana dangwalawa a inda takalman sojoji ke takawa, bakin ƙofa da kan murfin inji. Sarƙa kuwa, bayan an yi mata launin tsatsa, fensirin makaranta nake gogawa a kan haƙoranta, sai ta yi ƙyallin ƙarfen da ya sha tafiya. Ƙurar da masu wannan sana'a a Turai suke saye cikin ƴan kwalabe, ni ba na sayen ta. Ƙasa nake ɗebowa, ja daga gefen hanyar Mirya, fara daga bakin tafki in ya ƙafe, in tankaɗe da tsohon ɗankwali, in shafa a ƙafafu da ƙasan jiki.

Duk littattafan koyon wannan aiki an rubuta su ne don ƙasashen sanyi, kuma Damagaram tana da nata sharuɗɗa. A watan Afrilu da Mayu fentin ruwa irin na Vallejo yakan bushe a bakin burushi kafin ka kai shi jikin tankar. Maganinsa shi ne a jiƙa soso a sa a murfin kwano, a shimfiɗa siririyar takarda a kai, a riƙa dama fenti a bisa. Danshin da ke tasowa yana riƙe shi. Lokacin aiki kuwa bayan sallar asuba ne, kafin rana ta ɗaga. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, don duk abin da ka shafa ka bari a buɗe, kafin ya bushe ya yi gashi-gashi. Saboda haka kowace tanka da kwanonta da nake kifa mata. Roba kuma ba ta son ɗakin kwano da tsakar rana, bakin igwa yakan lanƙwashe. A ɗakin ƙasa na gidanmu a Birni nake ajiye su, cikin akwatin katako.

Wannan duk aikin hannu ne, kuma ɗan'uwanmu yana iya cewa saƙar hula ma aikin hannu ce, ita kuma ana sayarwa a ci abinci. Gaskiya ne. Amma ga abin da ya sa na rubuto. Ba ka iya tsoma burushi cikin fenti sai ka amsa tambaya uku: tankar nan ta wace runduna ce, a wane wuri, a wane wata? Ɗauki Panzer III ta Jamus. Lokacin da sojojin Janar Romel na Jamus suka sauka Turabulus a Fabrairun 1941, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, tankokinsu suna da launin toka mai duhu irin na fagen Turai, wanda ake hangowa daga nesa a cikin rairayi. Sojojin suka riƙa kwaɓa laka suna shafa musu. A Maris na shekarar aka ba da umarnin a yi musu rawaya mai ruwan ƙasa, a 1942 aka sake wani launin da ya fi haske, sa'an nan daga Fabrairun 1943 dukan motocin yaƙin Jamus suka koma rawaya mai duhu tun daga masana'anta, ana ba sojoji kore da ja-ja su yi dabbare-dabbare da kansu. Ingilishi kuma a 1940 da 1941 suna yi wa tankarsu Matilda zane mai miƙaƙƙun layuka da launi uku, don su rikita idon mai auna nisa a hamada. To in ka ga Matilda da wannan zane, ka san kana zamanin da suka fatattaki Italiyawa daga Sidi Barrani ta Masar a Disambar 1940, lokacin da sulkenta mai kaurin milimita 78 ya gagari yawancin igwogin Italiya. In ka ga Sherman da launin yashi, ka matso zuwa yaƙin Al-Alamain, shi ma a Masar, a Oktoban 1942. Kwano ɗaya na fenti ya tilasta maka sanin taswira da kalanda. Na shekara da shekaru ina rubuta waɗannan ranaku a allo, yara suna kwafa suna mantawa bayan jarrabawa. Yaron da ya dama launin da hannunsa ba ya mantawa.

Akwai wata Sherman da ta kai ni inda ban zata ba. A cikin kwalinta akwai ƴan tambura da ake jiƙawa a manna, ɗaya daga ciki taswirar Faransa ce da gicciyen Loren a tsakiya. Tambarin rundunar Faransa ta biyu ce ta masu sulke, ta Janar Lekler, wadda ta shiga Faris a Agustan 1944. Don in san inda ake manna shi na shiga bin tarihin rundunar, sai ga shi asalinta a maƙwabtanmu yake. A ranar 26 ga Agustan 1940 gwamnan Cadi, Felis Ebuwe, baƙar fata ɗan Giyana, ya bi bayan Janar Dagol, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, alhali mu nan Nijar muna ƙarƙashin gwamnatin Bishi, wadda ta yi sulhu da Jamus, har zuwa ƙarshen 1942. Daga Cadi Lekler ya tashi, ta Faya, ya keta hamada da mutum kimanin 400, mafi yawansu ƴan Afirka, cikin tsofaffin motocin ɗaukar kaya. Ba su da tanka ko ɗaya. Igwa guda suke da ita mai bakin milimita 75, suna ta sauya mata wuri suna harbi. A ranar 1 ga Maris 1941 Italiyawan da ke cikin ganuwar Kufra, a hamadar Libiya, suka miƙa wuya. Washegari aka yi rantsuwar nan da Faransawa ke alfahari da ita, cewa ba za a ajiye makami ba sai tutarsu ta tashi a kan babbar majami'ar Sitirasbur, birnin Faransa da ke hannun Jamus. Waɗannan mutane suka ci Fezan, ƙasar da ayarin kakanninmu ke ratsawa zuwa Turabulus, suka haɗu da Ingilishi a bakin teku a Janairun 1943.

To da aka zo kafa rundunar masu sulke a 1943, aka kawo tankokin Amurka sababbi, sai aka ware baƙaƙen sojoji aka fitar da su daga cikinta. Waɗanda suka sha ƙishirwar Kufra ba su ne suka hau Sherman ba. An cika rantsuwar a Sitirasbur ranar 23 ga Nuwamban 1944, kwana takwas kuma bayan haka, a ranar 1 ga Disamba, aka buɗe wa tsofaffin sojojin Afirka wuta a barikin Caroy kusa da Dakar saboda sun nemi haƙƙinsu na kuɗi. Malam Edita, na san labarin Caroy tun ina ɗalibi, na kuma koyar da shi. Amma riƙe tankar nan a hannu, ina manna mata tambari, ina sane da waɗanda aka hana shiga cikinta, wani abu ne daban da karantawa. Na gama ta, na yi mata koren zaitun kamar yadda ya dace, amma ban yarda ta tsaya ita kaɗai ba. Na sassaƙa motocin Kufra guda uku da kwali da gwangwanin madara na jera a gabanta, kuma duk yaron da ya shigo ya nuna Sherman, daga motocin nake fara masa bayani.

Shi wasan kansa ba tura mota ba ne ana ƙara da baki. Asalinsa daga sojojin Furusiya ne, tsohuwar masarautar Jamusawa: a 1824 wani hafsa mai suna Raisbis ya nuna wa manyansa yadda za a koyi dabarun yaƙi a kan taswira da ƴan guntaye ja da shuɗi, da alƙali a tsakani, suka karɓa suka sa a horar da hafsoshi da shi. Mu muna shimfiɗa buhu a kan tsohuwar ƙofa, mu zuba yashi, mu jera tsakuwa a madadin duwatsu, mu yi itatuwan dabino da waya da zaren buhu. Da awon tela muke auna tafiya. Kowace tanka tana da iyakar santimitan da za ta yi a zagaye ɗaya, gwargwadon saurinta na gaske, saboda haka Matilda mai nauyin tafiya ba ta kamo kowa. In za a yi harbi ana duba nisa, da ƙarfin igwa, da kaurin sulke ta gefen da aka samu, don gaba ya fi gefe kauri, gefe ya fi baya. Yaro yana yin lissafin ma'auni da kaso cikin ɗari ba tare da an ce masa darasi ne ba. Ranar da muka shirya yaƙin garin Fada da ke arewacin Cadi, na 2 ga Janairun 1987, inda ƴan Cadi cikin motocin Toyota ɗauke da makamai masu linzami suka tarwatsa tankokin T-55 na Libiya, wani ɗan aji uku ya riƙe ɓangaren Libiya. Ya sha mamaki da ya ga kafin ya juya kan tankarsa motocin sun zagaye ta bayansa. Da kansa ya gano cewa nauyi da sulke ba su wadatar a fili mai faɗi in abokin gaba ya fi ka sauri ya kuma san ƙasar.

Na san akwai masu tambaya ta fuskar addini, kuma tambayarsu tana bisa hanya. Na kai maganar gaban malamin unguwarmu tun farko. Tanka da mota ba su da rai, surarsu ba ta cikin abin da ake jayayya a kai. Ƴan sojojin roba masu fuska da hannu su ne ake saɓani, ni kuma na zaɓi in bar su. Guntayen katako nake amfani da su, in rubuta sunan bataliya a kai, kamar yadda aka fara tun zamanin Raisbis. Dokokin Turawa suna amfani da ƙwayar ludo wajen yanke ko harbi ya samu, mu kuwa mun maye gurbinta da ƴan takardu shida masu lamba da ake ja daga cikin hula. Ba a sa ko dala, ba a cin kowa. In aka kira salla ana tashi.

Tambayar da ta fi yi mini nauyi ita ce ta wata ƴar'uwata da ta zauna a Difa shekarun da aka fi shan wuya. Ta ce mini, Yaya, mutane suna gudun yaƙi, kai kana wasa da shi? Ban raina maganarta ba, kuma ba zan raina ta a jarida ba. Abin da na gaya mata shi ne abin da muke yi a tebur. In aka harbi tanka, muna ɗora mata auduga da aka shafa wa gawayi, alamar hayaƙi, sa'an nan wanda ya yi harbin shi zai faɗi mutum nawa ke ciki. Sherman biyar, Panzer III biyar, Matilda huɗu, T-34 ta Rasha samfurin farko huɗu. Ana rubutawa a takarda, a ƙarshen wasa a tara. Yaranmu suna ganin yaƙi kullum a wayoyinsu, a finafinai da wasannin da mutum ke mutuwa ya tashi ya ci gaba. A teburina wanda ya ƙone ya ƙone, kuma akwai wanda zai ƙidaya shi. Ban ga yaron da ya tashi daga nan yana sha'awar yaƙi ba. Na ga waɗanda suka tashi suna tambaya me ya kai Italiyawa Libiya tun 1911, me ya kai mutanen Ubangi-Shari, wato Afirka ta Tsakiya ta yau, Bir Hakim ta Libiya a 1942, me ya kai Hausawan Najeriya dajin ƙasar Bama ta Asiya.

Yanzu ga roƙona, wanda shi ne dalilin tsawaita wasiƙar. Kamfanonin Turai da Japan za su ci gaba da ƙera Panzer da Sherman iri-iri, don tarihinsu ne kuma kasuwarsu ce. Babu wanda zai zauna a can ya ƙera mana igwar Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma sa maƙeran garin nan suka zuba igwogi da hannunsu. Babu wanda zai shirya mana filin Tirmini na Yulin 1899, inda dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tari Faransawa shekara guda bayan kashe hafsan Faransa Kyaftin Kazamaju a garin nan. Mu za mu yi, kuma muna da hannun yi. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san yaran da ke ƙera mota da karan dawa da waya da gwangwani, har da ƙofa mai buɗewa. Muna da dukawa masu zanen fata da layi siriri kamar gashi, da maƙeran farfaru, da maginan da ke yi wa fuskar gidajen Birni ado. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan hannu da ma'auni da tarihi: a ce wa yaro ga hoton motar, ga tsawonta na gaske, raba da 72, ga kuma shekarar da ta yi aiki da mutanen da suka hau ta.

Ina kira ga masu kula da gidan tarihi na jiha, da gidajen matasa, da shugabannin makarantu irin su Lise Amadu Kuran Daga, da malaman sashen tarihi na Jami'ar Andre Salifu, su ba mu ɗaki ɗaya mai inuwa da tebur biyu, ko da yammacin Asabar kawai. Fenti da burushi da reza zan kawo nawa, abokaina biyu da muke wannan aiki tare su ma sun yarda su kawo nasu. Muna son yara daga shekara goma sha biyu, maza da mata, da izinin iyayensu. Za mu fara da motocin Kufra, don kwali da gwangwani sun isa a yi su, in hannu ya faɗa mu wuce zuwa ganuwar Birni da ƙofofinta. Malaman jami'a muna buƙatar su duba mana abin da za mu gaya wa yara game da Tirmini, don kada mu koyar da abin da ba haka yake ba.

Shi kuma ɗan'uwan da ya rubuto, ina gayyatarsa. In ya shigo Birni ya tambayi gidan malamin tarihi mai ƙananan tankoki, yara za su kawo shi. Ya zo da safe kafin zafi, zan ba shi burushi da T-34 guda da ke jiran korenta.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Malamin tarihi mai ritaya,
Unguwar Birni, Damagaram.